Shafin da Ya Tambayi Kawu Yawan Shanunsa

Ranar kasuwar Guci kawuna ya iske ni a rumfar mai shayi, gumi sharkaf. Saniyarsa ta ci ɗanyen tsiron dawa, cikinta ya kumbura, ta kwanta a ruga tana nishi. An ce masa wata ƙungiya ta buɗe shafi a intanet mai lambar likitan dabbobi mafi kusa. Tawa wayar tana wurin mai caji, sai ya miƙo mini tasa.

Rezo, wato sabis ɗin waya, a Guci sai an yi lallashi. Muka zuba wa wayar ido, ga hoto yana saukowa a hankali: manyan mutane cikin manyan riguna suna yanka kyalle. Bayansa wani hoton, suna tafi. Raina ya ɓaci. Dabba tana mutuwa, su kuwa haƙoransu suke nuna mana!

Da ƙyar na gano inda aka rubuta likita, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe kamar ƙwayar gero. Na danna. Maimakon lamba sai ga tambaya da Faransanci, kuma ba a wucewa sai an amsa. Na fassara masa: "Kawu, wai shanunka nawa ne?"

Mutanen rumfar suka juyo suna kallonmu. Kawu manomi ne kuma makiyayi, kuma a gidansu ko ɗan cikinsa ba ya yi masa wannan tambaya. Faɗin yawan garke jawo baki ne.

"Wa ke tambaya?" in ji shi.

"Shafin ne, Kawu. Bari in sa ko nawa ne."

"In faɗa a ci ni da baki, ko in yi ƙarya a gaban jama'a? Ba ni wayata."

Ya fizge ta, ya hau kabu-kabu. Har yau abin yana ɗaure mini kai: wanda ya gina wa makiyaya shafi bai taɓa zama da makiyayi ba ke nan? Me zai yi da lissafin kafin ya ba mutum lamba?

Na karɓo wayata, na sake bin hotunan nan, na sa adadin da na ga dama, na samu lambar. Na bi shi ruga a guje, na tarar ana fiɗa. Sun yanka saniyar kafin ta mutu.

Kawu bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ka gaya wa mai tambayar sun ragu da ɗaya."