Man da na zuba wa birki

Shekarun baya da ɗan dama, lokacin ban daɗe da koyon tuƙi ba, motar gidanmu a Wurno ta dawo hannuna saboda idon mahaifina ya fara rauni. Tsohuwar mota ce, amma ni ji nake daga nan har Sakkwato babu direba kamata.

Wata safiya na ga mai ya jiƙa cikin tayar baya, birki kuma ya yi laushi. Mahaifina ya ce in kai ta garejin amininsa da ke bakin tasha. Tare suka yi makarantar allo, kuma kullum bayan la'asar can mahaifina yake zuwa ya zauna a benci, suna hira har magariba. Shi aminin nasa, mu Baba muke ce masa.

Baba ya kwanta ƙarƙashin motar, ya gano fayif ɗin da man birki yake bi ya ci tsatsa ya fara yoyo. Ya sauya shi, ya sauya robobi. Sannan ya zaunar da ni a gaba yana cewa, "Taka. Riƙe. Saki," har iska ta fita, birki ya yi ƙarfi. Da zan tafi ya ce, "Wagga mota man birki kaɗai za ka ba ta. In ka ga ya rage, dawo mini da ita."

Bayan 'yan kwanaki na duba, na ga man ya ɗan sauka kaɗan. Ƙiwa ta hana ni komawa gareji. Akwai ragowar man sitiyari a but ɗin motar, sai na ce a raina mai ai mai ne. Na cika shi fal, na rufe, har ina yaba wa kaina dabara.

Kamar kwana goma da yin haka na ɗauki mahaifiyata zuwa Rimawa, barkar haihuwa. Mun kusa Goronyo sai amalanken shanu ɗauke da buhunan albasa ya hawo titi. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa, mota ba ta ko rage gudu ba. Na ja birkin hannu na karkata gefe, muka faɗa wani rami. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Mahaifiyata tana baya tana salati, ta riƙe hannunta na dama. Ya karye a wuyan hannu.

Washegari aka jawo motar zuwa gareji, na bi ta da zafina. A gaban direbobin tasha da mai shayi da 'yan kabu-kabu na ɗaga murya ga mutumin da ya girmi ubana. Na ce ya yi aikin ganganci, na ce saura kaɗan ya kashe mana uwa.

Baba ya nufi motar. Ya buɗe marfin man birkin, ya ga robar ciki ta kumbura ta yi lagwaf. Ya tsoma yatsa, ya murza, ya sunsuna. Sai ya ja ni bayan rumfa inda babu mai ji.

"Ɗana, mi kaz zuba ciki?"

A nan take na gane abin da na yi. Man da na zuba ne ya lalata robobin gaba ɗaya. Na hangi mutanen da na tara da bakina, na tuna mahaifiyata da ɗauri a hannu.

"Ban zuba komi ba, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To. Bar ta nan, in gyara."

Ya wanke hanyoyin man duka, ya sake robobi, bai gaya wa kowa komai ba. Magana kuwa ta riga ta zaga gari. Direbobi suka fara kai motocinsu wani wuri. Mahaifina ba mai faɗa ba ne, bai ce masa uffan ba, sai dai ya daina zuwa zaman la'asar. Idan sun haɗu a masallaci su gaisa, kowa ya kama gabansa. Kullum ina cewa gobe zan faɗi gaskiya. Ina cikin goben nan na tafi karatu Sakkwato, kuma kafin in gama mahaifina ya rasu. Baba ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ana idarwa ya tafi.

Sai bayan sadakar arba'in na iya gaya wa mahaifiyata. Ta ce, "Hannuna ya warke tuntuni. Ba ni ce za ka ba haƙuri ba. Tashi ka tai Achida."

A lokacin Baba ya rufe gareji ya koma gidan babban ɗansa a can. Na same shi a zaure kan tabarma. Na durƙusa na faɗa masa komai.

Ya ce, "Ai na sani tun rannan."

"To Baba, mi ya hana ka faɗi?"

"Kai ɗan Malam ne. In tsaya gaban tasha in ƙaryata ka? Na ɗauka in hankalinka ya kwanta kai da kanka za ka gaya mishi. Na yafe maka. Garejin bai dame ni ba, tsufa ya zo dama. Sai dai na so a ce Malam ya sani."



Kuskuren man kowane yaro mai rawar kai zai iya yin sa, kuma da na amsa a ranar, da faɗan kwana biyu ne ya wuce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kalmomi huɗun da na furta a bayan rumfa, da shekarun da na bari suka bi bayansu. Yau ina ziyartar Baba duk lokacin da na bi ta Achida. Yana karɓata da fara'a, yana ba ni labaran ƙuruciyarsu da mahaifina, yana dariya har da hawaye. Ni kuma ina zaune ina lissafin cewa shekara uku na ƙarshe na rayuwar mahaifina ba su cikin labaran, kuma ni na cire su.