Ƙyallen da ke Tsakiyar Bargon Baba

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su kamar ba a yi ba, amma maganar bargon da na ɗinka wa mahaifina ba za ta taɓa barin zuciyata ba, ko da tsufa ya kwashe sauran.

Ni mai ɗinki ce ta cikin gida. Kekena mai ƙafa yana wani lungu na ɗakina a Gidan Dahala, matan unguwa suna kawo atamfa da shadda da leshi ina ɗinka musu. Duk wanda ya san ɗinki ya san ba a rasa ragowa. Babbar ragowa nakan mayar wa mai ita, ƙananan ƙyallaye kuwa ba mai tambayarsu, ni ma ban taɓa tambayar kowa ba, buhu nake zuba su. Da su nake haɗa matashin kai, da jakar littattafan Islamiyya, da tsumman sauke tukunya, wani lokaci har 'yar tsana in ba yara. Maigidana yakan tsokane ni, wai ko zare ne ya faɗi ƙasa sai na samo masa aikin yi.

Mahaifinmu malami ne, a zaurensa na Ƙofar Taramniya ya karantar da mutane tun kafin a haife ni. A shekarar da nake ba da labari ciwo ya kwantar da shi, irin ciwon da ke sa mutum jin sanyi har cikin ƙashi. Bazara ce, zafin Sakkwato ya kori kowa zuwa tsakar gida, shi kuwa yana ɗaki yana rawar ɗari. An sayo masa bargon kasuwa ya ce yana danne masa ƙirji, mayafi kuma bai ishe shi ba. Sai na juye buhuna na zaɓi ƙyallaye masu laushi, na yanka su daidai da juna, na haɗa, na yi musu shafi da wani tsohon zanen gado da wanki ya tausasa. A tsakiya na sa wani ƙyallen atamfa shuɗi, don ya fi sauran girma da kyau. Na daɗe a kan aikin nan har idanuna suka fara ciwo, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kaina da na gama.

Da na kai, Inna ta yi ta juya shi tana yabawa. Baba ya shafa shi a hankali, ya sa mini albarka, ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, "Masu ƙyallayen ga, sun san suna nan?"

Na yi dariya na ce, "Baba, ai tsummoki na, babu mai son su."

Ya ce, "To in babu mai son su, tambaya ba ta yi maki wuya. Aje shi nan. Ran da sunka yahe sai in lulluɓa."

Raina ya ɓaci, don ni ba mai haƙuri ba ce, gidanmu kowa ya sani. Na fito na tarar da Inna a madafi na fara ƙorafi, ta katse ni: "Kin san halin tsohonki. Tahi ki yi abin da ya ce." Haka aka naɗe bargon aka ajiye a gefen gadonsa, shi kuma ya ci gaba da rawar ɗari a cikin mayafinsa.

Na shiga bin gidaje, kullum in ɗauko bargon a jaka, in na gama in mayar da shi gefen gadonsa. Yawancin matan dariya suka yi. Wata ta ce, "Ke, tsumma ma sai an yahe? Na yahe duniya da lahira." Wata tsohuwa ta ce ta yafe, amma in ɗinka mata matashin kai irin na maƙwabciyarta, na ce na ji. Wata da ta koma Wamakko hoto na tura mata a waya, ta amsa da saƙon murya tana ƙyalƙyala dariya. Akwai kuma wadda ta rasu, 'yarta na samu. Da ta ga ƙyallen zanen mahaifiyarta ta ɗora hannu a kai tana shafa shi, har na ji kunyar tambayar da ta kawo ni. A gidan nan na fara gane cewa abin da nake kira tsumma ba tsumma ba ne a wurin kowa.

Aka gama da kowa, saura shuɗin nan na tsakiya. Mai shi aminiyata ce tun muna yara, tare muka yi karatun allo a zauren Baba. Ni na ɗinka mata komai tsawon shekaru, amma da bikin 'yarta ya zo sai ta kwashi kayan amarya ta kai wa wani tela a kasuwa, kuma ya dawo kunnena cewa ta ce hannuna na da ne, wato ɗinkina tsohon yayi ne. Daga ranar na ɗauke mata ƙafa, ita ma ta ɗauke, muka yi shekaru ko gaisuwa babu. Har yau ina ganin ni ce da gaskiya a maganar nan, in aka tambaye ni haka zan faɗa. Baba ya taɓa yi mini faɗa a kan gaba, na ce "to" na ci gaba da abina. Abin dariyar shi ne fushina da ita bai shafi atamfarta ba.

Dabara ta zo mini. Na je gidanmu da reza, na zauna a bakin ƙofar ɗakin Baba na fara neman bakin zaren da ya riƙe shuɗin ƙyallen. Ya buɗe ido ya ce, "Mi za ki yi?"

Na ce, "Cire wanga za ni yi in sa wani."

Ya ce, "Madalla. In kin cire ki kai mata abinta, tunda nata na."

Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Na zauna riƙe da reza, gaba kura baya siyaki: in na bar shi sai na je wurinta, in na cire shi ma sai na je. Na naɗe bargon na mayar inda yake, na tafi gida ina ƙunƙuni a hanya.

Na yi ta jan ƙafa, kullum in ce gobe. Wata safiya na je gaishe shi na tarar Inna tana murza masa ƙafafu da man zafi. Na taɓa su na ji kamar ruwan randa. Ya rame ƙwarai, magana ma sai ya huta a tsakaninta. Ga bargon nan a naɗe, hannunsa zai iya kai wa gare shi, amma bai taɓa ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ɗauki bargon na fita, na tsayar da ɗan kabu-kabu na hau babur ɗinsa.

Na sami aminiyar tawa a tsakar gidanta tana tsintar shinkafa. Na yi sallama ta amsa ba tare da ta ɗago sosai ba. Ban zauna ba, ita ma ba ta ce in zauna ba. Na warware bargon na ce, "Ƙyallenki na. Baba ba shi da lahiya, ya ce ba shi lulluɓa sai kin yahe."

Ta ajiye farantin ta dube shi. "Tsakiya kinka sa shi?"

Na ce, "Shi ya hi kyau."

Ta ce, "Ban yahe ba." Jinina ya tafasa, har na fara naɗe kayana. Sai ta ƙara da cewa, "Sai gaban Malam." Ta shiga ɗaki ta sako hijabi.

Da muka shiga ta durƙusa ta gaishe shi, ganin yadda ya koma ya sa hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Malam, na yahe ƙyallen."

Ya ce, "Ƙyallen ɗai?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Da komi, Malam." Ya juyo da idonsa kaina. Da ƙyar na ce ni ma na yafe, ita ma ta yafe mini. Ya lumshe ido ya ce, "To ku lulluɓa mani, sanyi nika ji." Ta kama gefe ɗaya na kama ɗaya, muka rufa masa har wuya.

Bai daɗe ba bayan nan Allah ya yi masa rasuwa, bargon yana jikinsa. Bayan an watse zaman makoki muna zaune da Inna, ta ba ni labarin wani tela da ya taɓa zuwa zaure da tambaya a kan irin ƙyallayen nan, Baba ya ce masa abin da mutane suka saba bari da son ransu ba laifi a cikinsa. Na ce to ni me ya sa ya wahalar da ni? Inna ta ce, "Ya ce maki haramun na? Tambaya ɗai yay yi. Atamhwar ga da ita aminiyarki ta taɓa zuwa gaishe shi da salla, tun ran da kinka kawo bargon ya gane ta."

Na daɗe ina kuka a ranar. Ashe sanyin nan da ya yi ta sha, da gangan ya zaɓe shi, don kada ya tafi ya bar ni da gaba a wuya.

Yanzu duk wadda ta kawo ɗinki sai na tambaye ta ƙyallenta kafin in jefa a buhu, har wasu suna ce mini na cika tsanani. Aminiyata kuwa ta dawo da ɗinkinta wurina, ko da yake har yanzu ba ta janye maganar hannun da ba. Abin da na koya shi ne, fushin da mutum yake riƙewa yana ganin nasa ne shi kaɗai, sau da yawa wani mai ƙaunarsa ne yake kwance yana shan sanyinsa.