Ruwan Ɗorawar da ke Ƙarƙashin Shuɗin Baba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka ɗauki Baba daga soron gidanmu na cikin birni muka kai shi makwancinsa. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma kafin ku kai ƙarshe za ku gane dalili. Ɗan kasuwar Kurmi ne, mai sayar da yadi da shadda, mutumin da bai taɓa yarda da launi a inuwa ba. In dillali ya kawo masa turmi, sai ya fita da shi rana, ya jiƙa gefensa, ya murza a jikin farin hankici ya ga ko yana zuba. Ni na gaje shi a wannan hali, har abokaina suna tsokanata wai ko sallama aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta.

Cikin abin da ya bari akwai motarsa, tsohuwa mai ƙirar kunkuru, wadda kullum yake alfahari da cewa sabuwa dal ya saye ta, ba ta taɓa shiga hannun kowa ba. Lungunmu ko amalanke da ƙyar take wucewa, don haka motar ba ta taɓa kwana a ƙofar gida ba. A wani gareji na Kabuga take zama, kuma can ta ci gaba da zama cikin tamfol bayan rasuwarsa. Bana muka ce bari mu tayar da ita, mu mayar da ita kamar ranar da ya sayo ta. Inji bai ba mu wahala ba. Launi ne ya raba mu. Ni shuɗi na tashi na gani. Yaya Binta kuwa, babbarmu, ta rantse ruwan madara ce ranar da aka kawo ta. Hoto ɗaya da muke da shi baƙi da fari ne, bai raba gardama ba.

Sai aka haɗa ni da wani mai fenti, Isiyaku, can wajen Ƙofar Kabuga. Tun ranar farko ban yarda da shi ba, saboda ya cika fara'a. Ya nuna mini wata na'ura da ake ɗorawa a jikin mota ta faɗi launinta, na ce a raina da Baba na nan da ya tambaya ko ita ma an taɓa fitar da ita rana. Isiyaku ya ce na'urar abin da ke sama kawai take gani. Asali kuwa sai an bi inda mai sake fenti ba ya kai hannu, kamar ƙarƙashin robar gilashi, da cikin murfin tanki, da bayan fitila. Na ce ya duba, amma kada ya kwance komai ba na wurin.

Da na koma, na tarar ya goge wani wuri kamar faɗin tafin hannu a jikin ƙofa da samfefa, launuka sun fito zobe-zobe kamar an yanka albasa. Shuɗina a sama. Ruwan madarar Yaya Binta a can ƙasa, manne da ƙarfe. A tsakaninsu kuma ga wani da babu wanda ya ambata, ruwan ɗorawa shar.

"Alhaji," in ji Isiyaku, "motar nan fa ta yi tasi."

"Ba dai wannan ba," na ce.

Ya hau da ni kan benci ya nuna mini ramuka biyu da aka toshe a rufin, daidai inda ake ɗaura fitilar tasi. Raina ya ɓaci ƙwarai. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ni ranar na kwashi zunubi. Na fara da cewa ya musanya ƙofar. Da ya goge gefen but, wato ma'ajiyar kayan motar, ɗorawar ta sake fitowa, sai na ce motar ce gaba ɗaya ya musanya, ya sayar da tamu ga masu tara tsofaffin motoci, ya kawo mana gawar wata. Na buɗe na shiga ina neman shaida, sai hannuna ya sauka a kan sitiyari, daidai wurin da zoben azurfar Baba ya cinye har ya yi kwari. Motarsa ce.

Nan zargin ya bar Isiyaku ya koma inda ban so ba. Ko dai Baba tsohuwar tasi ya saya ya ce mana sabuwa ce? Mutumin da duk Kurmi ta san ba ya kiran mai zuba da sunan mai kyau? Na kwana biyu abin yana cina. Amma lissafin bai hau ba, domin Yaya Binta ta gan ta da ruwan madara, wato tana hannunmu ɗorawar ta hau. Sai na tuna ina ɗan ƙarami an yi wani dogon lokaci, ya fi shekara, ana ce mana mota tana wajen gyara. Baba ya ci gaba da fita da sassafe cikin babbar riga yana ƙamshin turare. Ruwa ba ya tsami banza.

Na sami Hajiya, mahaifiyarmu, a tsakar gida tana gyaran zogale. Na zayyana mata komai. Ba ta ɗago ba.

"Kaya ya saro da duk jarinsa," ta ce, "ashe masu zuba ne. Aka ce ya sayar a haka, ya ƙi. Daga nan ya koyi murza yadi a hankici."

Na tambaye ta ko shi ya faɗa mata ya koma tuƙin tasi.

"Har ya rasu bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Amma turare ba ya rufe warin fetur."

Ta ce a gareji yake tuɓe babbar rigar ya ninke. Maƙwabcin rumfarsa ne ya riƙa buɗe masa rumfa, duk wanda ya zo nemansa a ce ya zaga. Mutanen unguwarmu kuwa, in sun hango shi wajen Ƙofar Dawanau, sai su kau da kai su tsaya cikin rana suna jiran wata tasi, don kada ya haɗa ido da wanda ya sani. Da jari ya dawo ya fesa mata shuɗi, babu wanda ya ce masa komai sai "an gama gyaran ke nan, Alhaji?"

"Ya rufa mana asiri, gari ya rufa masa," ta ce. "Kai ne ka zo da samfefa."

Tun daga ranar nake kallon tsofaffin lungunmu da wani ido. Duk dattijon da ya amsa gaisuwata sai na ce wannan ma ya sani, ya bar ni ina ta cika baki da motar da ba ta taɓa wahala ba. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ina kuma tambayar kaina me Baba zai ce da wannan zamani, da mutum zai ga ɗan'uwansa ya faɗi, kafin ya miƙa masa hannu ya zaro waya. Ina zargin da yau abin ya same shi, kafin azahar hotonsa a bayan sitiyari ya zaga gari. Ni kaina da nake rubuta wannan ban wanke kaina ba. Sai da na nemi izinin Hajiya, ta ce waɗanda zai ji kunyarsu duk sun bi shi, in rubuta, amma in bar masa sunansa.

Isiyaku, wanda na ba haƙuri ya karɓa da wannan fara'ar da har yanzu ban gama yarda da ita ba, ya haɗo ruwan madarar daidai da na ƙarƙashin robar gilashi. Ya ce masana ba sa ganin darajar tsohuwar mota sai da launin da ta fito da shi, don haka zai kankare komai har ƙarfe ya fesa. Na daɗe ina kallon gwangwanin fentin. Madarar ta masu ƙera motar ce, Baba kuɗi kawai ya ba da. Ɗorawar ce guminsa, shuɗin kuma mutuncinsa, kuma su biyun ne suka rage mini daga gare shi da zan iya taɓawa da hannu. Allah Ya jiƙansa, Ya rufa masa asiri a can kamar yadda aka rufa masa a nan.

Na ce da Isiyaku ya mayar da gwangwanin, ya haɗo shuɗi. Ɗorawar kuma kada ya kankare ko ɗigo, ya rufe ta yadda mai ita ya rufe.