Issaka da Fim Ɗinsa Marar Magana

Yayana Issaka shekara goma sha takwas ya yi yana tiyatar, wato wasan kwaikwayo, a Damagaram kafin ya zo Greensboro ta Amurka. A nan wankin mota yake yi a wani wurin sayar da motoci a Gate City Boulevard, amma wasa bai bar jininsa ba. Shi ya kafa ƙungiyar da ke yi mana wasan kwaikwayo a bikin 'yancin Nijar, kowane uku ga Agusta. Shi kuma ya ɗauko Faïçal, wanda ko tsayuwa gaban mutane bai iya ba, ya koya masa komai.

Sai ciwon maƙogwaro ya kama Yaya. Likitoci suka yi aiki, rai ya tsira, murya ta tafi. Ranar da ya koma wurin gwaji, Faïçal ya riga ya naɗa kansa shugaba. A gaban kowa ya ce, "Malam Issaka, ka huta haka nan. In kana son taimako, ga kujeru can a jera." Wallahi da ina wurin da sai an riƙe ni. Butulu kawai!

Yaya ya jera kujerun, shekara guda cur. Ni har haushinsa nake ji, ashe kallon mutumin yake yi: yadda yake tafiya ƙirji gaba, yadda ba ya wuce gilashin mota bai gyara hula ba, yadda yake gaishe ka idonsa na neman wanda ya fi ka.

Wata Asabar ya kai ni wani fili a McLeansville, ya miƙo mini waya, ya nuna in ɗauka. Fim ne na minti goma sha biyu, baƙi da fari, ko tari babu a ciki. Sau uku wayar tana faɗuwa don dariya.

Ranar biki Hajiya Hindou, shugabar mata, ta sa aka haska fim ɗin bayan wasan Faïçal. Ba a ambaci sunan kowa ba. Ana nuno Yaya yana gyara hula a jikin gilashi, wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "La! Ga Faïçal nan!" Zauren ya ɗauka da dariya. Faïçal kuwa yana layin gaba, babu hanyar fita sai ta tsakiyar mutane. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har hawaye na yi.

Kafin sati ya zagayo 'yan ƙungiya duk sun dawo wurin Yaya. Faïçal ma ya zo gida, kai a ƙasa, wai a yafe masa, a bar shi ya ci gaba da fitowa. Na ce a kore shi. Yaya ya ɗaga mini hannu, ya ja takarda ya rubuta masa: "Ka zo gwaji Asabar. Akwai gurbin gawa."

Bana shekara uku ke nan Faïçal yana mutuwa tun a fitowar farko.