Mai Shiga Imel ɗin Kawu Daga Yamai

Mu da muka tashi a bakin boda ba mu iya yarda da abu don kawai an faɗa mana ba. Buhun da aka ce gero ne sai mun soka masa hannu, direban da ya rantse mana sai mun ƙara leƙa bayan motarsa. Ko da na koyi gyaran kwamfuta na buɗe ɗan shagona a cikin garin Jibiya, wannan hali bai sake ni ba. In aka kawo mini na'ura aka ce haka kawai ta mutu, idon mai ita nake fara kallo kafin in ɗauki sukudireba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ejan ne a Magama, kusa da shingen kwastan. 'Yan kasuwa su turo masa takardun kayansu ta imel, shi kuma ya bi musu har motar ta tsallaka. Ofishin nasa ɗaki ɗaya ne: tebur, fanka, kwamfutar cinya, da ɗan akwatin waifai a bayan kabad, sai wani dogon benci a waje inda direbobi ke zama. Tun ina ɗan makaranta yake aiki da wani mutumin Maraɗi da kowa ke kira Malam, dogo, mai ƙarancin magana. Shi ke jin Faransanci, shi ke shawo kan direbobin can ɓangaren, kuma a aljihunsa makullin ofis yake kwana. Kullum shi ke buɗewa ya share ya ɗora shayi kafin Kawu ya iso. Ranar Alhamis bayan la'asar sai ya tafi gida wurin iyalinsa, ya dawo Asabar da safe, Juma'a kuwa Kawu ya buɗe da nasa makullin.

Wata Asabar Kawu ya aiko in zo maza. Na same shi ya aiki Malam wani wuri mai nisa, ya turo ƙofa, abin da ban taɓa ganin ya yi da rana ba. Ya miƙo mini wayarsa. Saƙo ne daga kamfanin imel, cewa jiya Juma'a an shiga akwatinsa daga ƙasar Nijar, daga birnin Yamai, in ba shi ba ne ya gaggauta canza lambar sirri. Kawu ya ce ba wannan ne na farko ba, kuma duk ranar Juma'a suke zuwa. Ban da haka, a irin ranakun shafin bincike yakan juye ya koma Faransanci, tallace-tallacen da ke gefe su koma farashin sefa.

"Wa nika da shi Yamai?" in ji shi. "Kuma wa ka tahiya Nijar duk Juma'a?"

Bai ambaci suna ba, ni ma ban ambata ba. Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne a cikin watan nan wani babban ɗan kasuwa da ya daɗe yana hulɗa da Kawu ya kwashe aikinsa ya kai wa ejan ɗin da ke tsallaken titi. A lissafin Kawu, wani ne ke karanta takardunsa yana kai wa abokin hamayya farashi. Gaskiya ni ma zuciyata can ta fara zuwa. Shirun Malam, da a da nake ɗauka natsuwa ce, a ranar sai ya yi mini kama da na mai ɓoye wani abu.

Na yi abin da kowane mai gyara zai yi. Na canza lambar sirri, na share duk abin da burauza ta ajiye, na mayar da harshenta Turanci, na sa aka binciki kwamfutar ko ta kwashi wata cuta. Ba a samu komai ba. Na cire mata tuna lambar sirri, yadda duk wanda zai buɗe imel sai ya rubuta da hannunsa. Malam ya dawo daga aiken ya same mu a kai, ya tambaya ko rezo ne ke ba da wahala, don haka suke kiran sabis a can. Kawu ya ce a'a, gyara ne kawai. Da Litinin ta zo dole aka ba Malam sabuwar lambar, tunda rabin saƙonnin da Faransanci suke zuwa.

Juma'a ta zagayo, saƙon ya sake shigowa.

A wannan karon Kawu bai tsaya jin ta bakina ba. Ya ce in sake canza lambar, kuma daga ni sai shi. Duk safiya shi zai buɗe imel da kansa, Malam ya zauna ya yi aiki yana kallonsa. Ranar Alhamis da Malam ya tashi tafiya, Kawu ya ce ya bar makullin, wai yana so a yanka masa wani makullin. Ina wurin. Malam ya ciro makullin daga zoben da yake haɗe da na gidansa, abin ya ɗauke shi lokaci saboda zoben ya yi tsatsa, ya ajiye a kan tebur ya yi sallama. Na ji wani iri, amma na ce wa kaina mai gaskiya ba ya tsoron bincike. Bayan fitarsa Kawu ya gaya mini ya yanke shawara: in saƙon ya ƙara zuwa, Malam ya gama aiki a wurinsa. Kowa ya san abin da hakan ke nufi a Magama. Wanda aka sallama da sunan cin amana ba ejan ɗin da zai sake ba shi ko riƙon fayil, kuma labarin zai riga shi isa Maraɗi.

Washegari saƙon ya zo. Na yi tsammanin zan ji an ce an sallami Malam, sai kawai na ga Kawu ya shigo shagona da kansa, ya zauna ya yi ta kallon kwamfutocin mutane da ke jibge. Ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Ya tambayi ciniki. Can sai ya ce, ai yaron ejan ɗin tsallaken titi ajinmu ɗaya da shi a sakandare, ko ba haka ba? Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake auna kowa, ga shi an ɗora ni a sikeli, kuma ban ga laifinsa ba, domin mutum biyu ne suka san lambar, ɗaya kuwa shi ne mai akwatin. Na roƙe shi ya ɗaga wa Malam ƙafa mako guda, ya kuma bar ni in wuni a ofis ranar Juma'a mai zuwa. Ya amince, amma da irin amincewar da ake yi wa wanda ake so a kama da hannu a cikin tukunya.

A makon nan babu wanda ban zarga ba. Na zargi babban ɗan Kawu, wanda ya daɗe yana ganin kujerar Malam tasa ce. Na zargi mai shayin da ke jingine da bangon ofis, don wayarsa ta fi ƙarfin cinikinsa. Na zargi direbobin benci, na canza lambar waifai saboda su, suka yi ta gunaguni. Na ma fara tunanin ko Malam yana da wani ɗan'uwa a Yamai da ya iya kutse. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya: duk saƙonnin sun nuna cewa kwamfutar da ake shiga da ita irin ta Kawu ce sak. Na ce to, lallai ɓarawon nan ya shirya, har irin na'urar ya saya.

Ranar Juma'a na riga Kawu isa, na jira shi a benci. Ya buɗe, muka shiga. Ba a share ba, ba shayi. Ya zauna, ya ciro wayarsa ya ja yatsa daga sama ya danna wani abu, ya mayar aljihu, ni kuwa hankalina na kan ƙofa da taga, ina jiran in ga ta inda sharri zai ɓullo. Har hantsi ba abin da ya faru. Sai aka ɗauke wuta, fanka ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Kawu ya tashi ya buɗe taga ya dawo, ya jawo kwamfuta, wadda ba ta damu ba tunda tana da batirinta. Ya rufe allon da kafaɗa don kada in gani, ko da yake ni na ƙirƙiro lambar, ya rubuta da yatsa ɗaya. Imel ya buɗe. Kafin ya karanta layin farko wayar ta yi ƙara a aljihunsa.

Ya duba, ya juyo mini da ita. An shiga daga Yamai, yanzun nan. Ya kalli hannuwana, na ɗaga su sama.

Na leƙa bayan kabad. Akwatin waifai a mace yake, ko ɗigon haske babu, tun da aka ɗauke wuta. To da me imel ya buɗe? Na duba kusurwar allon, na ga kwamfutar tana manne da wani sabis mai sunan samfurin waya. Na ce Kawu ya ba ni wayarsa. Ya ba ni kamar mai ba da rance.

Sai abin ya warware a gabana. A shekarar da aka katse mana sabis a wannan yanki, kusan kowa a Jibiya ya sayi layin Nijar, don hasumiyarsu ta tsallaken boda tana kawo mana. Kawu ma ya saka ɗaya a wayarsa, bai kuma cire ba saboda kiran direbobi. A lokacin ne mai sayar da waya ya nuna masa maɓallin da ke raba intanet ɗin waya ga kwamfuta, ya ce in ya danna nan sabis zai zo. An dawo mana da sabis, an sayi akwatin waifai, amma Kawu bai daina ba. Duk safiya in ya zauna sai ya danna, a zatonsa haka ake tayar da sabis, kamar yadda ake ba mota wuta. Kwamfutar kuma ba ta manta tsohuwar ƙawarta ba. Da zarar akwatin ya mutu sai ta koma kan wayar, ta fita duniya ta layin Nijar, kamfanin imel ya ga baƙo daga Yamai.

Na yi masa bayani bai gamsu ba, ya ce ai kullum ana ɗauke wuta, me ya sa sai Juma'a. Tambayar ta yi ma'ana. Na durƙusa na bi wayar akwatin da hannu har bango. A ƙasa, gefen soket, akwai wani batir na sola da 'yar igiyarsa a naɗe tsaf, bakinta ya yi sumul don yawan taɓawa. Na tambayi Kawu wa ke amfani da shi. Ya ce ya ga dai Malam yakan sunkuya nan in wuta ta tafi, bai taɓa tambayarsa me yake yi ba. Na cire akwatin daga bango na sa a batir, fitilunsa suka kama, kwamfuta ta dawo gida, Faransanci ya ɓace. Na sake cirewa, muka jira, na ce ya shiga. Wayar ta yi ƙara a tafin hannunsa.

Ashe sauran ranakun mako Malam ne ke hana akwatin mutuwa, shi ya sa ɓarawon ba ya zuwa sai ranar da ba ya nan. Kawu ya daɗe yana kallon wayar. Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Ya ce kawai in kashe masa wannan maɓalli yadda ba zai sake tashi ba. Da muka fito sallar Juma'a ya tsaya ya sayi tsire mai yawa ya tura mini, na gane wannan ne nawa rabon.

Asabar da safe na koma, don ina so in ga yadda za a ƙare. Kawu ya riga kowa zuwa, har ya sa an share. Malam ya sauka daga motar Maraɗi da 'yar jakarsa, ya gaishe mu. Kawu ya yi ta zagaye, ya ba da labarin waya da batir yana dariya, yana cewa ka ji shirmen na'urar zamani, kamar dama ba a taɓa zargin kowa ba. Sannan ya tura makullin gabansa ya ce an fasa yankan, ya ɗauki abinsa.

Malam ya saurara har ƙarshe. Ashe direbobin benci sun riga sun kai masa komai tun a tasha, har da maganar sallama.

"Alhamdu lillahi da anka gano," in ji shi. "Amma Alhaji, bar shi wurinka. Na tsuhwa, kar in yar."

Kawu ya ce wace irin magana ce wannan, ya ƙara tura makullin. Malam ya yi murmushi ya tashi ya ɗora shayi. Makullin ya wuni a kan tebur, da yamma Kawu ya sa a aljihunsa.

Bai bar aikin ba. Har yau shi ke karanta saƙonnin Faransanci, shi ke sunkuyawa bayan kabad in wuta ta tafi, kuma saƙon Yamai bai sake zuwa ba. Kawu ya gwada ba shi makullin da sallah, ya gwada ta hannun mahaifiyata, ya gwada ta hannuna. Ni dai na daina bi ta gaban ofishin da sassafe in ba dole ba, domin abin yana sosa mini rai. Duk lokacin da na bi sai in tarar da Malam zaune a benci cikin direbobi, jakarsa a kan cinya, yana jiran Kawu ya zo ya buɗe.