Barandarmu ta Pantai Dalam

Har yau in na ji warin kwali da ruwan sama ya daka, sai na tuna barandarmu ta unguwar Pantai Dalam.

Lokacin Baba na karatun digiri na uku. Kada ku yi dariya: mutum ya taso daga Kaduna ya zo Malesiya don ya yi rubutu kan Amurka. Wai yadda gwamnatin can ta ƙulla alkawari da wata ƙabila, Cherokee, cewa ƙasarsu tasu ce. Daga baya aka rubuta sabon tsarin mulki, ya danƙa hulɗa da ƙabilu a hannun gwamnatin tarayya, amma ƙasar ba ta daina raguwa ba, har aka tashe su. Da wannan labarin muke cin tuwo kullum.

Mu ma Baba ya yi mana alkawari, ni da ƙanwata, har da musafaha: baranda tamu ce. Sai kwalayen littattafai suka fara zuwa. Kowane kwali da sabon alkawari. "Nan kawai zan ɗan ara, sauran naku ne." Kafin damina ta wuce, abin da ya rage mana bai fi tabarmar sallah ba.

Wata rana na jiyo Mama tana cewa in bai ci jarrabawar kare aikinsa ba, za a tura mu gida wajen Kaka, ya sake shekara shi kaɗai. Gidan da ban sani ba sai a hoto! Na gaya wa ƙanwata mu ne Cherokee ɗin, saura tashi. Ta fashe da kuka.

Ranar jarrabawar aka wuni ana ruwa. Mama ta ƙona shinkafa, abin da ba ta taɓa yi ba. Muka maƙale tsakanin kwalaye, duk jirgin ƙasan da ya wuce sai mu leƙa ko shi ya kawo Baba.

Da la'asar ya shigo jiƙe sharkaf, riƙe da ƙunshin roti, gurasar can, daga shagon mamak, wato Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci. Ban bari ya cire takalmi ba.

"Baba, yaushe za a tashe mu?"

"Wa zai tashe ku?"

"Gwamnati mana. Ta riga ta cinye baranda."

Mama ta toshe baki. Shi kuwa ya daɗe yana kallon kwalayen nan, sannan ya ce, "Na ci, Alhaji ƙarami. Ba inda za ku." Ya miƙa wa Mama rotin, ya shiga jidar kwalaye zuwa ɗakinsu, ruwa na ɗiga daga rigarsa.

Yanzu nima yawo ya sa na tara akwatuna. Kwanan baya na tura ɗaya ƙarƙashin gadon 'yata, na ce na ɗan lokaci ne. Ta kalle ni ta ce haka na faɗa a kan na farko. Na sunkuya na jawo abina.