Abin da Baba Ya Gutsura a Kudan

Mahaifina mutumin Maƙarfi ne, kuma wanda ya san Maƙarfi ya san rake. A gonar rake ya girma, a bakin tukunyar mazarƙwaila ya yi samartaka. Sai ga shi da tsufa ciwon suga ya kama shi, har wani ɗan miki a yatsan ƙafa ya kwantar da shi asibiti. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce in sugan ya sake hawa mikin ba zai warke ba, kuma ƙafar ce za a yanke. Tun daga ranar na zama ɗan sandan gidanmu. Duk wani abin zaƙi da na gani sai na kawar, shi kuwa ya raka ni da harara.

Fitarsa ta farko bayan sallama, Kudan na kai shi ta'aziyya. Da muka taso, wani tsohon abokinsa ya riƙe shi, ya ce ba za mu tafi ba sai mun leƙa gidan kakansa, shi abokin. Kakan nan attajiri ne a zamaninsa, da kakin zuma ya yi arziki, kuma jikokin sun bar wani sashe na gidan yadda ya bar shi, baƙi na zuwa kallo. Ni dai so nake mu koma a sha magani, amma wa zai tsoma baki tsakanin tsofaffi biyu?

Gidan ƙasa ne, zauren da sanyi kamar randa, azarar rufin ta yi baƙi ƙirin. Mai gidan, wato abokin Baba, ya shige gaba yana bayani. Ga manyan tukwanen da ake dafa saƙar zuma bayan an matse ta, ga irin buhun da ake tacewa, ga inda ake barin ruwan ya huce kakin ya taso sama ya daskare. Ya ce daga ƙauyuka masu amya ke kawo saƙar, har daga wajen Ikara, dukawa kuma na sayen kakin su murza a zare. Na shagala da sauraro, don ban taɓa sanin abin da muke tofarwa in mun sha zuma ya taɓa gina wa wani gida ba. Baba kuwa tarihi bai dame shi ba, ga idonsa ya yi rauni. Sai ya riƙa jan ƙafa a baya.

Mun fito tsakar gida na waiwaya ban gan shi ba. Can sai ga shi ya fito daga ɗakin ajiya, bakinsa a rufe yana motsi, aljihun rigarsa ya yi tudu. Na san wannan tafiyar, ita yake yi in ya ɓoye dabino.

Na ce, “Baba, me kake ci?”

Ya girgiza kai, bai buɗe baki ba.

“Baba, don Allah me ke cikin aljihun?”

Ya kau da kai yana kallon katanga. Ban san lokacin da na zura hannu aljihun mahaifina a gaban mutane ba. Na zaro wani curi ruwan ƙasa, mai siffar gindin ƙaramin kwano, sak mazarƙwaila, ga shatin haƙora a gefe, an gutsure babba. Abin gwada suga yana gida, asibitinmu da nisa, ni kuwa ba abin da nake gani sai ƙafar nan a naɗe da bandeji. Cikin tsoro da haushi na ce, “Yanzu Baba ƙafarka za ka sayar a kan wannan?”

Mai gidan ya karɓi curin ya juya shi, sai ya fashe da dariya har da riƙe bango. Ya ce, “Alhaji, ai kakin kakana ka ci. Wannan ya girme ka. A kwano ake zuba shi, kamar yadda kuke zuba taku.”

Na shinshina, na ɗan lasa. Babu zaƙi ko kaɗan, sai ƙanshin tsohuwar zuma da ƙura. Na zauna a kan wani turmi ina ta hamdala. Ashe shirun Baba ba taurin kai ba ne, kakin ne ya liƙe masa a dasashi. Aka kawo ruwan ɗumi da tsinke, ya koma gefe yana ɓanɓara, abokinsa na tsokanarsa wai Bamaƙarfe ko dutse ya gani a kwano sai ya gwada haƙori.

A mota har muka wuce gonakin masara bai kalle ni ba. Na ɗauka fushi yake da ni saboda aljihun, na fara neman bakin ba da haƙuri. Sai ya ce, yana kallon hanya, “Kai, ka san sai da haƙorina ya nutse na tuna da ƙafar nan? Da na ji babu zaƙi, wallahi na riga ka yin hamdala.”